Santimita Goma, Ƙaryar Shekara Uku

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin saura kwana tara a kira ni in sa hannu a wata takarda, ni kuwa zuciyata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na daɗe ina karanta filin nan naki, har nakan yi wa masu rubuto miki dariya, ina cewa wane irin magidanci ne zai kwashe cikinsa ya kai wa jarida. To yau ga ni a layi. Kada ki nemi sunana, ki ce da ni mai tagogi kawai.

Sana'ata haɗa tagogi da ƙofofin alminiyam. Gadonta na yi. Shagon mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, dogon shago mai teburin yanka a tsakiya, a wani layi da kowa ke sana'ar gini: mai siminti, mai fenti, masu walda, mai tayil. A can ƙarshen layin akwai mai gilashi, aminin mahaifina tun suna samari. Ba mu haɗa jini ba, amma Baffa muke ce masa, kuma Baffan ne, don shi ya tsaya mini tsayuwar uba lokacin aurena, shi ne kuma ya riƙe hannuna ranar da mahaifina ya rasu. Mu muke haɗa firam, shi yake yanka mana gilashin da za a sa a ciki.

Sai na yi miki bayanin yadda muke awo, in ba haka ba ba za ki gane inda aka haihu a ragaya ba. Mahaifina bai taɓa yarda da 'yar ƙugiyar ƙarfen nan ta bakin tef ɗin awo ba. Yakan ce munafuka ce, yau ta matsa gaba, gobe ta matsa baya. Saboda haka ya koya mana mu ɗora lamba goma a gefen bango, daga nan mu fara awo. Taga mai faɗin santimita ɗari da ashirin, a tef ɗinmu ɗari da talatin za ta nuna. Kuma ya hana mu yin ragi a kan tsani. Ya ce abin da ido ya gani shi hannu zai rubuta, lissafi kuwa sai an sauko ƙasa an zauna, don mutumin da ke rataye a hawa na uku rana tana dukansa ba a ba shi lissafi. Idan mun koma shago mu rage goma mu yanka alminiyam. Takardar awon kuma a kai wa Baffa yadda take, shi ma ya zauna a teburinsa da jan biro ya rage gomarsa kafin ya miƙa wa masu yanka. Shekara ashirin da shida ana haka, ba a taɓa samun kuskure ba, ba a kuma taɓa rubuta wannan tsari a ko'ina ba. Yana cikin kan tsofaffin nan biyu, sai ni da na tashi na tarar.

Shekara uku da suka wuce na samu aikin da ban taɓa samun irinsa ba. Wani ɗan kwangila yana gina bene hawa huɗu na ofisoshi, ya ba ni tagogin gaba ɗaya, gilashi sittin da huɗu. Injiniyan ginin ya ce lallai sai gasasshen gilashi, wato irin wanda ake yankawa tukuna sannan a kai masana'anta a gasa shi ya yi ƙarfi. Shi kuwa irin wannan in an gasa an gama, ba ya sake yankuwa. Kana ɗora masa abin yanka zai tarwatse ya zama tsakuwa.

A watan ne aka kwantar da Baffa a asibiti za a yi masa aiki. Shagon yana hannun 'yarsa, wadda ta yi karatun kasuwanci ta dawo tana taya shi. Manaja muke ce mata, da farko don tsokana, daga baya sunan ya bi ta. Ta kawo kwamfuta, ta kawo fom ɗin oda, ta ce daga yanzu ba a karɓar awo a bayan kwalin sigari. Mu 'yan layi muka yi ta mata dariya, muna cewa boko ya shigo gilashi. Amma tsakani da Allah yarinya ce mai tsari, tun zuwanta aka daina ɓatan oda a shagon.

Ranar da na kai awon, na kwafe lambobin daga littafina zuwa fom ɗinta yadda suke, na sa hannu. A ƙasan fom ɗin akwai layin da ya ce abin da aka rubuta shi za a yanka. Ban karanta ba, wa yake karanta irin wannan? Ina kaiwa bakin ƙofa sai na tuna Baffa ba ya nan, jan biron ma ba ya nan, ya kamata in gaya mata maganar goman nan. Gwaggo, har na juya. Sai wayata ta yi ƙara, ɗan kwangila ne yana jirana, na ce a raina in na isa na kira ta. Kuma tunda yau ranar faɗar gaskiya ce, akwai girman kai a ciki. Na ji nauyin in tsaya ina yi wa yarinyar da na sani tun tana rarrafe bayanin cewa mu awonmu ba irin na littafi ba ne, ta dube ni ta saman kwamfuta ta ce me ya sa. Ban kira ba. Na manta shaf.

Bayan mako uku mota ta kawo kaya. Aka ɗaga gilashin farko aka kai bakin firam, ya ƙi shiga. Na biyu haka, na uku haka. Kowanne ya yi yawa da santimita goma a tsaye, goma a kwance. Tun a na farkon na san abin da ya faru. Ɗan kwangila ya sauko, injiniya ya zo, leburori suka ajiye aiki suka kewaye mu. Aka kira Manaja ta zo da fom ɗinta a hannu. Ɗan kwangila ya tambaya laifin wane ne. A nan ne, a gaban mutanen nan, bakina ya ce ai na gaya mata ta rage goma, har sau biyu na nanata. Ban shirya faɗar haka ba, fitowa kawai ta yi. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba, sannan ta rantse da Allah ban gaya mata ba. Ni kuma na ɗaga murya na rufe tata.

Magana zarar bunu. Aikin ya kuɓuce mini, aka ba wani. Gilasan suna nan jingine a bayan shagon Baffa har yau, ba mai saye, don ba tagar da za su shiga. Asarar ta yi mana nauyi mu duka. Mijin ƙanwata, wanda bai taɓa ganin rigimar da ba ta cancanci kotu ba, ya ja ni wurin lauya. Na maimaita wa lauya abin da na faɗa a gaban gini, ya rubuta, aka buga, na rantse na sa hannu, aka shigar da ƙarar shagon Baffa. Kullum ina cewa gobe zan gyara, kullum goben tana ƙara tsada.

Ba sai na gaya miki yadda kotu take ba. An ɗage shari'ar nan sau goma sha bakwai, na ƙirga. Yau lauyansu ba shi da lafiya, gobe nawa yana wata kotun, jibi an canja wa alƙali wurin aiki sai a faro daga farko. Na san kowace tsaga ta bencin da ke barandar kotun nan. A layinmu kuma na koma bin bayan masu walda don kada in wuce ƙofar Baffa. Gilashi sai na ɗauki mota zuwa wata unguwa mai nisa nake saye, wurin mutanen da ba su san ni ba, ba su san mahaifina ba.

Wata biyu da suka wuce sabon alƙali ya ce mu gwada cibiyar sulhu kafin ya ci gaba. Na daɗe ina jin labarinta, don yanzu ta zama ruwan dare a wurin 'yan kasuwa. Mai siminti da mai buga bulo na layinmu, da suka shekara biyu ba sa ga-maciji, a zama biyu aka raba su, yanzu har shayi suke sha tare. Manyan kamfanoni ma na ji sun fara sa wa a yarjejeniyarsu cewa in an samu saɓani sai an fara zuwa sulhu kafin a doshi kotu. Ni dai a da ina ganin wurin na waɗanda hujjarsu ba ta da ƙarfi ne. Lauyana ya taɓe baki, amma ya ce mu je, ba abin da za mu rasa.

Ɗaki ne ƙarami mai zagayayyen tebur, babu kujerar da ta fi wata tsawo. Ruwa a tsakiya, agogo a bango. Mai shiga tsakanin wata dattijuwa ce mai magana a hankali. Ta ce ita ba alƙali ba ce, ba za ta ce wane ne mai gaskiya ba, abin da aka faɗa a ɗakin ba a ɗaukarsa zuwa kotu, kuma duk wanda ya ga ba zai iya ba yana da ikon tashi. Muka sa hannu a takardar da ke ɗauke da waɗannan sharuɗɗa. Kowa ya yi magana ba a katse shi ba. Daga nan ta raba mu ɗaki biyu, tana kai da komo tsakaninmu. A zaman farko lauyansu da Manaja ne kawai suka zo, na karanto karatuna yadda na saba, na fito ina cewa ashe abin da sauƙi.

A zama na biyu Baffa ya zo da kansa. Shekara uku ban gan shi kusa ba. Ya rame, yana dogara sanda, rigarsa ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa har da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Sai ya nemi izinin magana. Ya ce shi bai zo musu ba. Ya ce ya san ɗan wane ne ni, kuma ɗan amininsa ba ya ƙarya, saboda haka tun ranar farko ya san daga gidansa kuskuren ya fito. Ya ce bai tsaya kare kansa a kotu ba sai don an gaya masa abin da nake nema zai rufe shagon. Ya ce a makon da ya fito daga asibiti ya karɓe makullai daga hannun 'yarsa, ba don kuskuren ba, kowa yana kuskure, sai don ta kafe a kan ba a gaya mata ba, ta ƙi ta ce ta manta. Ya ce taurin kan nan ya fi asarar gilashin yi masa ciwo. Yanzu aiki take a wani ofis, shi kuma ya fara magana da mai sayen shagon, tunda ba shi da wanda zai bar wa.

Gwaggo, tana zaune a wurin yana faɗar haka. Ba ta yi kuka ba, ba ta dube ni ba, idonta yana kan tebur, tana juya murfin biro. Wallahi da ta tashi ta zage ni tas da ya fi mini sauƙi. Ni duk shekarun nan ina zaton da shago nake shari'a. Ban san tsakanin uba da 'yarsa na shiga ba.

Ga abin da aka tsara: a raba asarar uku, Baffa ya ɗauki kashi biyu, ni ɗaya, a rubuta cewa babu wanda ya amsa laifi, in janye ƙara, mu ci gaba da hulɗa kamar da. Baffa da bakinsa ya ce kashi biyun ya yi masa daidai. Da muka keɓe, dattijuwar nan ta tambaye ni ko akwai abin da nake so in faɗa wanda ban faɗa ba tukuna. Na ɗauki ruwa na sha, na ce babu. Kafin mu tashi ta sake tambaya, na sake cewa babu. Ban sani ba ko ta gane, ko kuwa kowa haka take tambayarsa.

Yanzu gaba kura baya siyaki. Lauyana yana cewa in na yi haƙuri muka koma kotu akwai alamar mu samu duka, don shekara ashirin da shida na al'ada hujja ce, ga kuma maganata. Maiɗakina tana cewa in sa hannu mu huta, mun gaji. Ita ba ta san komai ba. Ta tsaya mini a gaban kowa, har ta daina gaisawa da Manaja, alhali da ƙawaye ne. Ina tsoron takardar rantsuwar nan, ban san abin da doka za ta yi da ni ba. Ina tsoron layinmu, inda in aka ce wane maƙaryaci ne to ya gama cin kasuwa. Ina tsoron in faɗa wa tsohon nan gaskiya zuciyarsa ta buga, in zama na kashe shi. Wani lokaci kuma sai in ce wa kaina ai ma'anar sulhu ke nan, a binne abin da ya wuce ba tare da an tono ba, tunda takardar da kanta ta ce ba mai laifi.

Na yi wani tunani. In na shiga ranar zaman ƙarshe na ce ni na yafe, zan ɗauki asarar gaba ɗaya don girman Baffa da zumuncin mahaifina, ba tare da na ce komai ba, hakan bai wadatar ba? Kowa ya tsira da mutuncinsa, shago ya huta, ni ma in biya abin da na ɓata. Ko kuwa yaudarar kaina nake? Abinci ba ya mini daɗi, ina yanka alminiyam hankalina yana wani wuri, shekaranjiya saura kaɗan in raba yatsana da hannuna. Ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Naki,
Mai tagogi

*

Ɗana mai tagogi,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Tunda ka ce in faɗa ko da ɗaci, to yaudarar kanka kake, kuma ka sani, shi ya sa ka rubuto. Amma kafin in kai can bari in sauke maka kayan da ba naka ba, don na ga ka haɗa komai ka ɗora wa kanka.

Kuskuren gilashi ba naka ba ne kai kaɗai. Mahaifinka da Baffa sun gina ciniki a kan abin da ke cikin kansu, ba su taɓa tunanin ranar da ɗayansu zai kwanta ba. Baffa ya miƙa wa 'yarsa makullai bai miƙa mata jan biro ba. Ita ma da ta tambayi tsofaffin abokan cinikin shagon ko akwai wata al'ada da ba ta sani ba, da wataƙila an tsira. Kai kuma ka manta, kuma mantuwa ba zunubi ba ce. Da a ce ranar nan ka dafe kai ka ce wallahi na sha'afa, da an yi faɗa, an raba asara, da yanzu an manta. Wannan ɓangaren shi ne na kasuwanci, kuma irinsa ake kai wa cibiyar sulhu a raba shi kashi-kashi. Ƙaryar kuwa ba ta rabuwa uku. Taka ce gaba ɗaya.

Shi ya sa dabarar nan taka ba za ta yi ba. Ka duba yadda za ta kasance. Ka shiga ka ce ka yafe, ka ɗauki asara duka. Baffa ya share hawaye ya ce kun gani, ɗan aminina ke nan, an cuce shi kuma ya yafe. Ka fito da sabon rawani, ita kuma ta koma gida da laifi biyu: ta yi ƙarya, kuma wanda ta yi wa ƙaryar ya fi ta hali. Ba ramuwa ba ce wannan, ƙarin duka ne. Abin da ka ɗauke wa baiwar Allahn nan ba ya cikin takardar da za ku sa wa hannu. Yardar mahaifinta ka ɗauke, kuma babu mai iya mayar mata sai kai.

Komawa kotu kuma ka cire shi daga lissafi. Ban ga laifin lauyanka ba, da abin da ka ba shi yake aiki, kuma aikinsa ya nemo maka nasara. Kotu tana da ranarta. Akwai wanda in ba a kai shi gaban alƙali ba ba zai taɓa sakin haƙƙin mutane ba. Amma kai in ka koma, sake tsayawa za ka yi ka maimaita maganar nan a gaban alƙali, lauyan wancan ɓangare yana juya ka. In ka faɗi, ka faɗi da kunya. In ka ci, ka ci abin da zai tsaya maka a wuya har ƙarshen rayuwarka.

Ka ce ma'anar sulhu a binne ba a tono ba. Rabin gaskiya ka faɗa. Ana rubuta cewa ba wanda ya amsa laifi don mutanen da kowannensu ya yi imani shi ne mai gaskiya su samu hanyar rabuwa lafiya. Ba a yi layin nan don ya zama maɓoyar wanda ya san abin da ya aikata ba. Abin da ya sa 'yan kasuwa ke ta komawa irin wannan zama ba saurinsa kaɗai ba ne. A ɗakin nan ana iya faɗar abin da ba ya faɗuwa a kotu, a kuma samu abin da alƙali ba ya iya yankewa. Ba alƙalin da zai umarci uba ya sake yarda da 'yarsa. Kai kuwa an ba ka ɗaki, an rufe ƙofa, an tambaye ka har sau biyu. Ban san ko dattijuwar ta gane ba, amma masu wannan aiki sun saba ganin mutumin da magana ta tsaya masa a maƙogwaro.

Ga yadda nake ganin za ka bi da kwana taran nan. Gobe ka je wurin lauyanka ka gaya masa komai. Tsoronka game da takardar rantsuwa tsoro ne mai tushe, kuma ni ba lauya ba ce, ba zan ce maka babu komai ba. Ka tambaye shi yadda ake janye irin wannan bayani, da abin da zai iya biyo baya, da iyakar sirrin da aka yi muku alkawari a cibiyar. Ku karanta takardar da kuka sa wa hannu a zaman farko tare, wannan karon har ƙasa. In ka ga ya fi damuwa da shari'ar da za ta kuɓuce masa fiye da kai, ka nemi ra'ayin wani lauyan.

Daga nan sai maiɗakinka, kafin kowa a waje ya ji. Ta yi faɗa a kanka shekara uku, ta rasa ƙawa. Za ta yi fushi, kuma tana da gaskiya, ka bar ta ta yi. Kada ka bari ta ji a bakin matan layi.

Sai ka nemi ganin mai shiga tsakani kai kaɗai kafin ranar zama. Ka gaya mata, ka kuma gaya mata tsoronka game da lafiyar Baffa, ita ta san yadda ake shirya irin wannan zama. Ni a ganina Manaja ya kamata ta fara ji, ita ce mai haƙƙi, kuma ita ta fi ka sanin yadda za a tunkari mahaifinta da abin da zai iya ɗauka. Ka faɗa mata a gajarce, ba kwana-kwana: ban gaya miki ba, na sani tun ranar, na yi miki ƙarya. Kada ka kawo maganar wayar da ta yi ƙara, kada ka kawo kunyar leburori. Sannan ka faɗa wa Baffa da bakinka, tana zaune. Kada ka aika saƙon waya, kada ka tura dattawa su faɗa a madadinka.

Game da tsoron kada gaskiya ta kashe tsohon, ka yi hattara, don irin wannan tausayi sau da yawa kanmu muke ji wa. Zai ji ciwo, babu shakka. Zai ji ciwon abin da ka yi, zai kuma ji ciwon abin da shi ya yi wa 'yarsa, wanda ya fi. Amma mutumin da ke shirin sayar da shagon da ya gina don yana ganin ba shi da magaji, alhali magajiyar tana zaune kusa da shi, ba lafiya yake cikinta ba yanzu ma. Za ka karɓe masa ɗan amini, ka mayar masa da 'ya. Ka tambayi kowane uba wanne ya fi so.

Bayan haka a sake zama kan rabon asara, kuma ka shirya ɗaukar kaso mafi girma ba tare da ciniki ba. In Allah ya sa hulɗa ta ci gaba, a rubuta yadda kuke awo baƙi da fari. Kada ka shiga da tsammanin yafiya a ranar. Mai yiwuwa Manaja ta tashi ta fita, mai yiwuwa Baffa ya daɗe bai amsa gaisuwarka ba. Layinku ma zai yi surutu, wasu su janye. Ba zan rage maka wannan ba. Sai dai na ga mutane da yawa sun tashi bayan sun ce na yi ƙarya na tuba, kuma 'yan kasuwa sun san darajar mutumin da ya tona kansa ba wanda ya kama shi, fiye da yadda kake tunani.

Abu na ƙarshe, ɗana. Kwana tara kake ƙirgawa, amma akwai wani wa'adin da ba a rubuta maka a takarda ba. Baffa tsoho ne, ba shi da lafiya. Idan ka sa hannu ka yi shiru, wata rana za a aiko maka ya rasu, ka tafi gaisuwa, a shigar da kai wurin iyalinsa. Za ta ɗago ta amsa gaisuwarka, ku biyu kaɗai a duniya kun san mahaifinta ya tafi yana ɗaukarta maƙaryaciya. Ranar nan ko ka faɗi gaskiya, wanda ya kamata ya ji ba ya nan. Yanzu yana nan, kunnensa yana ji.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya zuciyar waɗanda ka ɓata wa, ya ƙara wa Baffa lafiya da nisan kwana, ya sa a tashi daga teburin nan da alheri.

Gwaggonku